Wanzami a Rukuni na Huɗu

Halliru Wanzami bai taɓa yanka kunnen kowa ba sai sau ɗaya, shi ma mai kunnen ne ya yi atishawa. Wannan ita ce shaidar da ya fi so a yi masa, kuma a Makarfi ana yi masa ita. Wanzanci gadonsa ne. A hannun mahaifinsa ya koyi wasa aska da kafa ƙaho, da shi suka taka ƙauyuka har Nasarawan Doya lokacin da mota sai ranar kasuwa. A hannunsa kuma ya koyi abin da ya fi aska wuyar riƙewa, wato baki. Wanzami yana ganin ƙeyar kowa, yana shiga inda ba a shiga, amma ya fito kamar bai ga komai ba.

Yanzu ya ba saba'in baya. Zamani ya rage masa aiki a hankali, ba tare da sun yi faɗa ba. Samari sun koma shagunan masu injin aski, inda mutum ke zaɓar kansa a jikin hoto. Kaciya ta koma asibiti. Abin da ya rage masa shi ne kawunan tsofaffi, waɗanda yawancinsu an riga an yi musu rabin aikin daga sama, sai ƙaho ga masu ciwon baya bayan saran rake, sai kuma askin suna a gidajen da ya gada. A da gidajen nan sun kai talatin. Yanzu huɗu ne, uku daga ciki kuwa haihuwar ta ja baya.

Na huɗun shi ne gidan marigayi Alhaji Auwal mai mazarƙwaila. Da abu biyu aka san gidan: yawan haihuwa, da cindo. Ɗan yatsan nan na shida da ke reto a gefen ƙaramin yatsa kamar ƙwayar wake, a gidan Alhaji Auwal ba baƙo ba ne. Mahaifin Halliru ya ɗaure na 'ya'yan fari da baƙin zare har suka bushe suka faɗi. Halliru ya karɓa ya ci gaba, daga 'ya'ya har jikoki. Bai taɓa kawo wa ransa komai ba. Ana haihuwa, ana kiransa, yana ɗaurewa, ana ba shi kasonsa na naman suna.

Wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar Alhaji ita ce matarsa, Hajiya Hindu, 'yar Kudan, gajeruwar mace mai doguwar murya, wadda ba a taɓa ganin hannunta ba lalle ba. Ranar wata Talata matar autanta Mu'awiyya ta haifi 'ya mace, da cindo a hannu biyu. Laraba da hantsi Hajiya ta aika a kira Halliru.

Ya durƙusa a bakin rumfa, suka gaisa, ya yi barka, ya tambayi mai jego, ta tambayi iyali da ƙafar da ke damunsa. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ta gyara zama.

"Halliru, nawa ke nan?"

"Sha biyu, Hajiya. In za a ƙirga na hagu daban, sha uku."

"Ubanka ya cire, ya dawo. Kai ka cire, ya dawo. Ni 'yar manoma ce. Duk abin da aka cire ya sake fitowa, saiwarsa aka bari a ƙasa."

"Hajiya, ai ba a hannun da aka cire yake fitowa ba. A wani hannun ne daban."

"To ka ga ma har yaɗo yake yi."

Halliru ya dubi takalmansa. Hajiya ta ce an ba ta labarin wani wanzami a Paki, Bobbo sunansa, wanda in ya cire cindo yakan binne shi a ƙarƙashin turmi da wani magani, gida ya rabu da shi har abada. Ta riga ta aika masa. Shi zai cire, shi zai yi askin suna ranar Talata.

"Ba faɗa muka yi ba," in ji ta. "Ka zo ka ci tuwo."

Halliru ya yi godiya ya fito. A hanya ya wuce mutum uku bai ji sallamarsu ba. Ya san in askar Bobbo ta taɓa kan jaririyar nan, gidan ya tafi ke nan. Ya kuma san kafin kasuwa ta sake ci, magana za ta zaga cewa wanzaman gidansu shekara arba'in suna barin saiwa. Mahaifinsa yana kabari, ba zai iya kare kansa ba.

Da la'asar ya tarar da tabarmarsa a ƙofar gida cike da 'yan makaranta. Jikarsa Hanifa ce, 'yar aji biyu na babbar sakandare, da abokan karatunta uku: Madina, da Misbahu, da Shafi'u, wanda jikan Hajiya Hindu ne, kuma Halliru ne ya ɗaure nasa cindon shekara goma sha bakwai da suka wuce.

"Ango, kai muke jira," in ji Hanifa, da yake haka take tsokanarsa. "Bincike muka zo yi a kanka."

"Me na sata?"

Suka yi masa bayani, duk su huɗun a lokaci ɗaya. Malamarsu ta ilimin halittu, Malama Ni'ima, ta je wani horo Zariya ta dawo ta daina ba da amsa. Ta raba aji rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya samo tambaya daga gida a kan gado, ba na gona ba, na jiki, su kuma nemo amsar da kansu. Wani rukuni ya ɗauki kaza durgu mai gajerun ƙafafu. Wani ya ɗauki masara mai ƙwaya kala biyu. Su rukuni na huɗu, Shafi'u ne ya kawo tasu da safiyar nan, da ɗuminta: me ya sa cindo ke dawowa bayan an cire?

Halliru ya ji kamar an taka masa ƙafar mai ciwon.

"Ita Malamar ta san amsa?"

"Ta sani," in ji Madina. "Ba ta faɗa ne kawai."

"Malamar da ta sani ba ta faɗa, me ake kiranta?"

"Malama Ni'ima," in ji Misbahu.

Halliru ya yanke shawara a ransa cewa yara ne ba su iya tambaya ba. Babba in ya je da kansa, da girmansa da furfurarsa, ba za a bar shi ya dawo hannu biyu ba.

Alhamis da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya rataya zabira don kada a ɗauka ya zo neman wani abu, ya tafi makaranta. Malama Ni'ima ta fito bakin aji ta rusuna ta gaishe shi. Yarinya ce ƙarama, da alli a gefen mayafinta. Ya zayyana mata komai a taƙaice, bai kama sunan gidan kowa ba, ya ce shi dai yana so ya sani, laifin aska ne ko ba laifinta ba.

"Baba, tambayar nan ta yi kyau ƙwarai," ta ce. "Kai me ka lura da shi?"

"Ni na lura an kusa raba ni da gidan aski."

"To. Ka ga rukuni na huɗu mutum huɗu ne, sauran kuwa biyar-biyar. Ga wuri a benci."

Ya duba ko wasa take yi. Ba wasa take yi ba. Ya duba ƙofar makaranta, ya ga ta yi nisa, yara arba'in kuma sun riga sun miƙe suna cewa barka da zuwa Baba. Ya shiga. Bencin ba a yi shi don gwiwar ɗan saba'in ba, amma ya shiga.

A rukunin kowa da aikinsa. Hanifa ce shugaba. Shafi'u marubuci. Madina mai duba lokaci. Misbahu kuwa aikinsa musu, duk abin da aka faɗa ya ce bai yarda ba sai an kawo hujja, kuma an ce tun kafin a ba shi aikin yake yin sa kyauta. Aka rasa abin da za a ba Halliru, sai Hanifa ta ce shi ne mai fere fensir. Ya buɗe zabira. Fensiran rukuni na huɗu ba su taɓa yin tsini irin na ranar ba.

Malama ta raba wa kowane rukuni 'yar takarda a naɗe. Ta ce na farko ya kwafe abin da ke ciki a tasa takardar, ya ɓoye ta asalin, na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu, har ƙarshe. Ba a magana, ba a gyara wa kowa, abin da ka gani shi za ka rubuta.

Saboda girma, aka ce Baba ya fara. Halliru ya yi ajin yaƙi da jahilci wata takwas a zamanin da yake saurayi, kuma har yau yana alfahari da shi. Ya kwafe jimlar a hankali, harshe a waje. Akwai dai wani harafi guda da tun wancan zamani ba su gama shiryawa ba a kan ina ya kamata ya fuskanta.

Takarda ta bi hannu-hannu har ta isa ga Madina. Malama ta ce ta tashi ta karanta.

"Baba ya kawo kasa gida, Inna ta yi murna."

Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Wace irin Inna ce wannan?" Wata ta ce ai Baban ne abin tambaya, wa ke ɗauko maciji ya kawo gida. Malama ta buɗe takardar asali ta nuna. Kaza aka rubuta.

Halliru ya dubi rufin aji.

"Madina, gyara taki," in ji Malama. Madina ta goge, ta mayar da kaza. Malama ta kira wani yaro daga rukunin masara, ta ce ya kwafa daga takardar Shafi'u. Ya kwafa, ya karanta. Kasa ta dawo. Aka goge tasa. Ta kira wata, ta ce ta kwafa daga takardar Hanifa. Kasa ta sake dawowa. Aka goge. Ta kira na uku.

Haƙurin Halliru ya ƙare.

"Haba Malama! Ku daina wahalar da yaran nan da gugar ta ƙarshe mana. Ko sau ɗari kuka goge sai ta dawo. Ai macijin yana takardar sama!"

Halliru ya ji maganarsa tana dawo masa a kunne kamar wani ne ya faɗa. Ya dubi gefen hannun Shafi'u, inda ɗan tabon zarensa yake. Ya daɗe yana dubawa.

Malama ta juya ta rubuta wata kalma a allo, yara suka karanta tare: miyuteshan.

"Miyar tasha?" in ji Halliru. "Ita kuma me ya kawo ta?"

Misbahu ne ya buɗe littafi ya fassara masa, yana yi yana musu da littafin. A cikin jikin kowa akwai wani rubutu ƙanƙane da ido ba ya gani, shi ke faɗin yadda za a gina mutum, yatsa nawa, hanci wane iri. Ana kwafo shi daga uwa da uba zuwa ɗa. Wani lokaci wurin kwafar harafi ɗaya yakan goce. In ya goce, masu kwafa daga nan suna iya ɗaukarsa haka.

"Wato askata ba ta kai wurin rubutun?"

"Baba, kai me ka gani?" in ji Malama.

"Na ga dai ba ta kai."

Ya so ya tashi ya nufi gidan Hajiya a lokacin, amma Misbahu ya ce bai yarda ba. In haka ne, ina takardar sama? A hannun wa kaza ta fara zama kasa? Halliru ya so ya ce wa yaron wani abu, sai ya tuna aikinsa yake yi.

Asabar suka shimfiɗa bayan kwalin taliya a ƙofar gidan Halliru. Shafi'u yana zana akwati ga kowane mutum, Halliru yana faɗin wanda aka haifa da cindo, Madina tana ɗiga masa jan biro. A nan aka ga amfanin tsoho a rukuni. Ya san wanda aka haifa shekarar da rake ya yi tsutsa, ya san wanda aka haifa ana gyaran masallaci, ya san na dama ya san na hagu.

'Ya'yan ƙannen Alhaji Auwal, su goma sha tara, babu ɗigo ko ɗaya. Alhajin kansa babu. Amma Ummulhairi, 'yar Hajiya da ke aure a Ikara, biyu daga 'ya'yanta da shi aka haife su, a wani gida, a hannun wani wanzami. Hanifa ta bi jajayen ɗigon da yatsa tana hawa sama. Duk inda ta biyo, akwati ɗaya take isa.

"Amma ai Hajiya ba ta da shi," in ji Shafi'u.

Halliru ya ɗauki fensir da ba ya bukatar fira ya fara ferewa. Shekara arba'in Hajiya tana miƙo masa goro. Ya sha ganin wani ɗan tudu kamar ƙwayar gero a gefen hannunta, ƙarƙashin lalle. Bai taɓa haɗa shi da komai ba, don ba a tambaye shi ba.

"Tana da wa a Kudan," ya ce. "Sada. Tsofaffi sukan tuna abubuwa."

Shafi'u ya kira a waya ya sa a amsa-kuwwa. Baba Sada kunnensa ya yi nauyi, sai da aka gaisa sau biyu, aka yi masa bayanin cewa ba rasuwa aka yi ba.

"Cindo? A gidanmu? Babu. Baba babu, Inna babu, kakanni babu. Hindu ce kawai."

"Wace Hindun, Baba?"

"Hindu nawa gare mu? Hannu biyu ma. Ungozoma ta ɗaure tun kafin suna. Da ta yi wayo tana tambayar tabon, Inna ta ce mata ɓera ne ya cije ta. Kada ku faɗa mata, har yanzu ba ta shiri da ɓera."

Aka kashe waya. Yara suka yi ta tsalle a zaune. Sai Misbahu ya ɗaga hannu.

"Ban yarda ba. In ubanta ba shi da shi, uwarta ba ta da shi, to daga ina ta—"

"Kai," in ji Halliru. Bai ɗaga murya ba. "Wannan tambayar a aji ake yin ta da ƙarfi. A ƙofar gida ana rage mata sauti."

Ya leƙa hagu da dama. Wata mai tallan gyaɗa ce kawai, kuma ta yi nisa. Yaran suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka gane, Madina ta rufe baki da littafi.

Ita ce kuma ta samo mafita a cikin littafin. Abu biyu ne, in ji ta. Ko dai yana jikin ɗaya daga iyayen ya kwanta bai fito ba, don yakan yi haka, ko kuwa a kanta harafin ya fara gocewa. Takardar Malama ai kaza ce lafiyayya. Wurin kwafa aka samu maciji.

"Kuma ba da gangan ba," in ji Halliru da sauri.

Saura wanda zai faɗa wa Hajiya. Halliru ya ce shi wanzami ne, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Hanifa ta ce ita tana son ranta. Duk suka juya ga Shafi'u. Jika ne, tsakaninsa da kakarsa akwai wasa, abin da zai faɗa a yi dariya wani in ya faɗa sai an tara dattawa.

Litinin bayan azahar suka shiga gidan da kwalinsu. Ana ta daka da soye-soyen suna. Bobbo na Paki ya riga ya iso a kan babur, dogon mutum mai fara'a, yana zaure yana shan fura, ya ma tashi ya gaida Halliru da ladabi, abin da ya ƙara wa Halliru ciwon ƙafa.

Hajiya tana rumfa tana ba da umarni. Shafi'u ya jingina kwalin a gabanta.

"Amarya, aikin makaranta ne. An ce mu nuna wa babbar gida."

"Wa ye wannan a can sama?"

"Ke ce."

"To, makarantar taku ta fara hankali."

Ya nuna mata ɗigon, ya nuna 'ya'yan ƙannen Alhaji fari fat, ya nuna na Ummulhairi a Ikara. Ta bi da ido tana gyaɗa kai, har yanzu tana jin daɗin zamanta a sama.

"Kawo hannunki in gani, ko kin fara tsufa."

"Ja can, mijin da ko zane bai taɓa saya min ba." Amma ta miƙa. Ya juya gefen hannun, ya ajiye nasa kusa da nata.

"Wannan fa?"

"Ɓera ne ya cije ni ina jaririya."

"Ɗayan hannun fa?"

"Shi ma."

"Wuri ɗaya, daidai wa daida?"

"Ɓerayen Kudan ne. Suna da tsari."

Matan da ke daka sun rage bugun taɓarya. Hajiya ta dubi tabonta, ta dubi na Shafi'u, ta sake duban nata. Sannan ta ɗago ta nemi Halliru, wanda ya samu wuri bayan randa ya tsuguna.

"Halliru. Kai ka san cizon ɓera?"

"Na sani, Hajiya."

"Wannan shi ne?"

"Ni dai abin da zan ce, wadda ta ɗaura zaren nan ta iya aiki."

Taɓarya ta tsaya gaba ɗaya. Hajiya ta sa aka kira mata Sada. Abin da ta faɗa masa ba na rubutawa ba ne, amma ya amsa laifinsa da na Inna da na ungozoma. Ta ajiye wayar a cinya.

"Baba ba shi da shi," ta ce a hankali. "Inna ba ta da shi."

Babu wanda ya motsa. Wata daga cikin surukai ta shiga duba cikin tukunyar da babu komai. Halliru ya ga in aka bar shirun nan ya ƙara tsawo, wani zai cika shi da abin da ba a so. Ya taso daga bayan randa ya matso.

Ya ba ta labarin kaza da kasa, tun daga benci har dariyar da aka yi masa, bai rage wa kansa komai ba. Ya ce takardar da aka ba shi lafiyarta lau, shi ma da zuciya ɗaya ya kwafa, hannu ne ya goce, kuma duk wanda ya kwafa daga gare shi da gaskiya ya kwafa. Ya ce yaran sun duba a littafi, haka Allah kan yi da rubutun jikin mutum, wani abu ya fara daga kan mutum ɗaya, iyayensa ba su sani ba, shi ma bai sani ba.

"Wato daga kaina aka fara?"

"Yana yiwuwa, Hajiya," in ji Madina. "Ko kuma—"

Hanifa ta taka mata ƙafa.

"Ban gada ba," in ji Hajiya, tana auna maganar. "Ni aka gada."

Ta jawo kwalin kusa. Ta ƙirga jajayen ɗigon da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har da na Ikara. Fuskarta ta fara canzawa, amma ba ta inda ake tsoro ba.

"Shekara arba'in da biyar," ta ce, murya tana hawa, "duk wanda ya zo barka sai ya ce hancin Alhaji, goshin Alhaji, tafiyar Alhaji. Ni kamar aro aka yi na haifa. Ashe ina da nawa a jikinsu!" Ta juyo kan Halliru. "Kai kuma da ubanka kuna bi kuna tsinke min!"

"Hajiya, ke kike aikowa."

"Da na aiko sai ka zo?"

Halliru ya dubi Misbahu, Misbahu ya dubi kwali.

Ta sa aka ɗauko jaririyar. Ta buɗe 'yan hannuwan ta daɗe tana kallo, tana taɓa ƙananan yatsun da bakin farce. Ta ce duk wanda ya kusanci yatsun nan da zare, ko da na ɗinki ne, shi da ita. Mu'awiyya, uban jaririyar, ya fara cewa ko a bari a ji ta bakin likita, ta ce ya je ya ji, ya dawo ya faɗa wa bango. Ya ja baya, da alamar mutumin da ya san uwarsa takan je Kudan ta yi sati, likita kuwa yana nan ba ya zuwa ko'ina.

Aka aika wa Bobbo a zaure cewa aikin turmi ya fasa. Ya ce to askin fa? Hajiya ta ce a gaya masa ya zauna ya ci suna, baƙo ne, amma kan 'ya'yan gidan nan akwai mai shi, kuma tana da sauran magana da mai shin, ba ta so ya yi nisa.

Talata da safe aka raɗa wa yarinya suna Hindu. Wa ya zaɓa, ba a tambaya ba. Halliru ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya wasa aska a tafin hannu. Aka kawo jaririyar an sa mata safa a hannu biyu, an ɗaure da ƙyalle. Hajiya ta jawo kujera ta zauna dab da gwiwarsa, idonta a kan askar.

"Kai kaɗai," ta ce. "Daga wuya zuwa ƙasa ba ruwanka."

"To, Hajiya."

"Na Shafi'u fa? Da na su Ummulhairi? Ba a iya mayarwa?"

Halliru ya ce sai dai a yi haƙuri a jira masu zuwa. Ya jiƙa kan jaririyar da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla, ya fara daga goshi.